Dogon Uba a Kujerun Baƙi

A saurara, wanda ya ji kuma ya isar wa wanda bai ji ba. Bayan dogon nazari da tuntuɓar matashin kanmu, wannan fili ya janye ƙorafin da ya daɗe yana yi a kan ƙwallon kwando. Shekara da shekaru muna kan ra'ayin cewa bai dace a ga ƙarti goma, masu hankali da iyali, suna haɗa gumi don su jefa abu a kwandon da kowa ya san gindinsa a huje yake ba. Daga yau mun sauka daga wannan ra'ayi, mun kuma yafe wa kwandon. Abin da ya sauko da mu shi ne wasiƙar da ke ƙasa, wadda muka buga yadda ta iso, in ban da tabon baƙin mai da ya gagari injin ɗab'i.

*

Malam mai fili,

Don girman Allah ka taimake ni. Na shiga wani hali da ni na jefa kaina a ciki, ga shi lokaci ya ƙure mini, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ba tare da ya yi mini dariya ba. Kai ma na san za ka yi, amma ko ba komai ba a gabana ba.

Ni mai walda ne. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, duk abin da wuta za ta haɗa ina haɗawa. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye mini rabin ji, shi ya sa idan ina magana a hankali a ganina, sai maƙwabta su leƙo su ga da wa ake faɗa. Autana kuwa ɗan wasan ƙwallon kwando ne a babbar ƙungiyar garinmu, da ita yake ci yake sha. Ni na lanƙwasa masa zoben kwandonsa na farko da guntun rodi, na liƙa a turken rumfar shago, tun kansa bai kai teburin aikina ba. Yau sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gida, yadda ni ma nake sunkuyawa, don tsawon nan a wurina ya ɗauko, uwarsa ba ta da hannu a ciki. 'Yan kallo suna kiransa Allura saboda saitin jifansa.

A kakar wasa ta bara ba wasan gida da ya wuce ni. Akwai kujerun da ake ware wa iyalan 'yan wasa a bayan bencinsu, nan nake zama, kuma daga nan nake horar da shi, ni da ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ta shiga ba. Lanƙwasa gwiwa! Ɗaga hannu! Me kake jira! Inda abin ya fi muni shi ne jifan layi, wato idan an yi wa ɗan wasa keta aka ba shi ƙwallo ya tsaya shi kaɗai ya jefa. A lokacin zauren kan yi tsit, sai muryata. Yaro ya waiwayo ya dube ni, ya jefa, ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo. Da kakar ta ƙare ya zo shago ya durƙusa, ya gaishe ni gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, ya tambayi lafiyar injina ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, Baba, don Allah bana ka huta a gida, a cikin mutanen nan duka muryarka kaɗai nake ji. Na ji abin har cikin ƙashina, amma na daure na ce ai dama aiki ya yi mini yawa. Na yi masa alkawari.

Wasan farko na bana na cika alkawari. Na zauna a shago ina saran ƙarfen da bai yi mini laifin komai ba. Wasa na biyu ban san lokacin da ƙafata ta kai ni bakin zaure ba. Sai dabara ta zo mini: na yanki tikitin kusurwar baƙi, inda magoya bayan ƙungiyar da ta zo daga wani gari suke zama, can sama kusa da rufi, a bayan wani ginshiƙi. Na ja hula har gira, na sa baƙin tabarau na aiki. Tun daga ranar, kowane wasan gida ina nan. Uwar Auta kuwa na ce mata zan je auna taga a gidan wani mai aiki. Rannan har ta ce, Baban Auta, wai mai gidan nan tagoginsa ba sa ƙarewa ne?

Malam, a cikin baƙi ba a yi wa ɗan gida tafi, sai dai in mutum ya gaji da haƙoransa. Don haka tsoron duka ya koya mini abin da shekaru suka kasa koya mini. Ina cusa hankici a baki in cije. A gabana suke zagin yaron. Allura ta karye! Sandar rake, koma gona! Wani ma ya dafa ni ya ce, Baba, don Allah wa ya haifi wannan dogon banzan? Na girgiza kai kamar ni ma abin ya dame ni.

To amma ga abin mamaki. Da bakina ya rufu sai idona ya buɗe. Ashe duk bara ɗana kaɗai nake kallo, ban san da mutum huɗu yake wasa ba. Yanzu an kai rabin kaka, muna na biyu a teburin gasa, mu da bara war haka muke can ƙasa muna leƙen rami, kuma wallahi ba sa'a ba ce. Akwai wani gajere da ake ce wa Direba, da ƙyar zai kai ƙirjina, shi ke ɗauko ƙwallo daga baya ya raba. Idonsa na kallon hagu ƙwallo ta tafi dama, ta iske mutum daidai inda hannunsa yake. Rabin makin da ake yi wa ɗana kirari a kai daga hannun yaron nan suka fito. Aibinsa ɗaya, ba ya iya wuce alƙalin wasa bai gaya masa ra'ayinsa ba. Sai Katanga, wanda ke tsaye a ƙarƙashin kwando. Ba ya cin maki da yawa, amma duk wanda ya kutso wurinsa da ƙwallo sai ya koma yana nadama, kuma idan ƙwallo ta daki allon kwando ta dawo yakan ɗauke ta kamar mai sauke kwano daga kanta. Jifansa na layi kuwa, Allah Ya ba shi lafiya, har baƙi tausayinsa suke ji. Sai kyaftin ɗinsu, Tsoho, gwiwa biyu duk a naɗe. Ba ya daɗewa a fili, amma idan yara suka rikice koci yakan tura shi, ya riƙe ƙwallo, ya bubbuga bayan wannan ya harari wancan, kafin ka ankara kowa ya dawo hayyacinsa. Inda nake jin tsoro shi ne bayan hutun rabin lokaci, don sukan dawo kamar waɗanda aka tasa daga barci, sannan idan laifuka suka taru wa Katanga aka zaunar da shi, ƙofarmu a buɗe take, a benci ba wanda zai toshe ta. Kocin ya san da haka, shi ya sa yake tauna tawul.

Shi kuwa Auta, ba don ni na haife shi ba, bana ya zama mutum. Jifan nesa mai maki uku yana fita daga hannunsa a natse, babu gaggawa. Ya koyi komawa baya ya tare, abin da bara yake ganin aikin wasu ne. Ranar da muka kara da na ɗaya a tebur, lokaci na gab da cika, maki ɗaya suka fi mu, ƙwallo ta zo hannunsa, zaure duka ya miƙe ana kiran sunansa. Ya ɗaga kamar zai jefa, mutum biyu suka yi tsalle kansa, sai ya zura wa Katanga da ke tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin kwando. Katanga ya dangwara ta. Na fashe da kuka a cikin hankicina. Baƙon da ke kusa da ni ya ɗauka kukan kayen da aka yi musu nake, ya rungume ni yana cewa, haƙuri Baba, za mu rama a gidanmu. Har ruwa ya saya mini.

Akwai abu ɗaya da ke hana ni sukuni. Duk lokacin da zai yi jifan layi, sai ya waiwaya ya dubi tsohuwar kujerata. Har yau ba kowa a kanta, na ji an ce shi ya hana a ba wani. Ya dube ta, ya buga ƙwallo a ƙasa, ya jefa, ta shiga. Ban sani ba ko tabbatarwa yake ba na nan don hankalinsa ya kwanta, ko kuwa wani abu ne daban.

Yanzu ga inda na maƙale. Ana hutun rabin kaka. Ƙungiyar tana da wani tsari: a atisayen ƙarshe kafin a koma wasa, kowane ɗan wasa yakan zo da mutum ɗaya daga gidansu, ya miƙa masa sabuwar rigar da zai ƙarasa kakar da ita, ya faɗi kalma ɗaya ko biyu a kan abin da ya gani a wasansa. Mako mai zuwa ne. Auta ya ce wa uwarsa ita za ta je, wai tunda Baba bai ga wasa ko ɗaya ba bana, me zai faɗa? Ta ce ba da fushi ya faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ita kuma ta ce ba ta san gaban ƙwallon nan ba balle bayanta.

Idan na faɗa masa gaskiya, ya san na karya alkawari na kuma yi ƙarya. Abin da ya fi wannan, ina tsoron ya koma neman fuskata a cikin jama'a, saitinsa ya lalace, wahalar su Direba da Katanga ta tashi a banza saboda ni. Idan kuma na yi shiru, zai ci gaba da ɗauka cewa a shekarar da ya fi kowace haskawa ubansa ya yi fushi ya juya masa baya. Malam, ina zan sa kaina?

Naka,
Dogon mai walda

*

Ya kai Dogon mai walda,

Mun karanta wasiƙarka a zaune, muka sake karanta ta a tsaye don girmamawa. Kafin mu shiga shari'arka, ya wajaba mu shaida wa duniya cewa bayanin da ka yi na ƙungiyarku a wannan rabin kaka ya gamsar da mu. Ka ba Direba haƙƙinsa ba tare da ka ɓoye bakinsa ba, ka yabi Katanga ka kuma yi masa addu'a inda ya dace, ka gane amfanin Tsoho a lokacin da jama'a ke lissafa shekarunsa. Ƙungiyar da gwaninta zai ga zaure ya miƙe dominsa ya kuma miƙa wa wani ƙwallo, ba da tsautsayi ta hau na biyu ba. Muna taya kocinku murna, muna kuma yi wa tawul ɗinsa jaje.

Sai batun ɓuya. Muna roƙonka ka aiko mana da hoton ginshiƙin nan, domin muna so mu ga ginin da zai ɓoye mutumin da sai ya sunkuya yake shiga gidansa. Dogo mai furfura, da baƙin tabarau na walda a cikin zaure, a kujera ɗaya kowane wasa, yau yana goyon bayan masu jar riga, mako mai zuwa masu koriya, kuma kullum da hankici a baki. Bawan Allah, da ka zo da ganga da ba ka fi haka fitowa fili ba. Ka kuma tuna cewa a ƙungiyar akwai Direba, wanda kai da bakinka ka ce yana ganin abin da ba ya kallo. Uwar Auta kuwa, tambayar da ta yi maka a kan tagogi ba tambaya ba ce, sanarwa ce. Saboda haka akwai yiwuwar ɗanka ya sani, kuma maganar da ya faɗa wa uwarsa saƙo ne ya ba wadda ya tabbata za ta isar. Sai dai ba za mu rantse a kan haka ba, domin ɗan wasan da ya natsu ba ya ƙirga 'yan kallo. Shawararmu ɗaya ce ko ya sani ko bai sani ba.

Mu fara da ɓangarensa. Yaron nan yana da gaskiya, kuma tebur ya shaide shi. Bai aiko aboki ba, bai yi maka tsawa a gaban jama'a ba, ya zo har shago ya durƙusa. Roƙon da ya yi maka ya fi jifan layi wuya. Kai kuma ka amsa da girman kai, ka yi alkawari, ka karya, ka ɗora ƙaryar taga a kai. Laifi ne, kada ka rage masa nauyi don ƙauna ce ta sa. Tsoron da kake ji ma ba na banza ba ne, natsuwar ɗan wasa aba ce mai saurin tashi.

A naka ɓangaren kuwa, sake duba abin da ya ce. Muryarka ya yi kuka da ita. Ya nemi ka zauna a gida ne domin bai taɓa tsammanin za a iya raba ka da muryar ba, kuma a lokacin ko mu ba za mu yi tsammani ba. Yanzu kana da hujjar da ba ka da ita bara: rabin kaka cur kana zaune ana zagin ɗanka a kunnenka mai ji, ba ka ce uffan ba. Gwanintar da ya nuna bana kuma a gabanka ya nuna ta. Ashe zamanka a zaure ba ya karkatar da ƙwallo.

Don haka ka faɗa masa, kuma a cikin wannan hutu, tun da sauran kwanaki da zancen zai kwanta kafin a busa usur. Mafi munin abin da zai faru shi ne ya gano ka da kansa a tsakiyar wasa, ko ranar da baƙi za su gane ka su ɗaga ka sama ba don murna ba. Ka fara da uwarsa, ka ba ta haƙurin tagogi, ka bar ta ta yi dariyarta ta ƙoshi, haƙƙinta ne. Sannan kai ka je wurinsa, kada ka aika a kira shi, kuma ku biyu kaɗai. Haƙuri za ka fara bayarwa, ba sharhi ba. Idan ya yi shakka, ka ba shi labarin ƙwallon da ya zura wa Katanga da abin da ya same ka a cikin hankici. Wannan ya isa. Mun haramta maka ambaton gwiwa, ko tasa ko ta wani, mun kuma haramta maka gyaran bayan hutun rabin lokaci, domin akwai wanda ake biya ya tauna tawul a kan haka.

Daga nan sai ka ajiye zaɓi a hannunsa: tsohuwar kujera, ko bayan ginshiƙi, ko shago. Duk wanda ya zaɓa ka karɓa, kuma wannan karon ka riƙe da gaske, ko da shagon ne. Idan ya ɗan yi fushi ka bar shi, ya fi ka dalili. Waiwayen da yake yi kuwa, kada ka tambaye shi ma'anarsa, nasa ne. Abin da kawai za mu ce shi ne, mutumin da ke son mance kujera ba ya hana a zauna a kanta.

Rigar ma kada ka roƙa. Idan ya ce kai za ka miƙa, ka miƙa, ka faɗi jimla ɗaya da muryar da a kunnenka raɗa ce, na ƙarshen zaure ma za su ji. Idan ya bar wa uwarsa, ka koya mata abin da za ta faɗa, ka guge mata mayafi, ka raka ta bakin ƙofa. Ka kuma leƙa asibiti a duba kunnen nan, don iyalinka da maƙwabta su ma bayin Allah ne.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ƙara wa Auta saiti, Ya sanyaya bakin Direba, Ya riƙa wa Tsoho gwiwoyinsa har ƙarshen kaka, Ya kuma dubi Katanga da idon rahama a kan layi.

A ƙarshe, ya zo ga saninmu cewa mun cika shafi guda muna koya wa bawan Allah taƙaita magana. Mun gurfanar da kanmu, mun saurari kanmu, ba mu gamsu da bayanin ba. An ci mai wannan fili tarar shan shayin safiyar gobe babu sukari, kuma zai shanye shi bai ce wa kowa komai ba.

Mai fili